Agandugume: Ƙauyukan da Ƙasa Ce Rumbunsu

A tsakiyar shekarar 2023, tsakanin watan Yuni da na Yuli, labari ya fito daga tsaunukan Papua da ke gabashin Indunusiya cewa mutum shida sun rasu a gundumomin Agandugume da Lambewi, ɗaya daga cikinsu jariri, bayan da fari da raɓa mai daskarewa suka kashe gonakin da jama'ar wurin ke ci daga gare su. Hukumomi sun ƙiyasta cewa abin ya shafi kimanin mutum 7,500. Idan aka auna wannan adadi da na manyan masifun yunwa da duniya ta gani, za a ce bai taka kara ya karya ba, kuma hakan ne ma ya sa labarin bai daɗe a bakin 'yan jarida ba. Sai dai lamarin ya cancanci a tsaya a kansa, domin sanyin da ya kashe amfanin gonar ba baƙo ba ne a wurin. Kakannin waɗannan mutane sun san shi, sun kuma san yadda ake tsallake shi. Abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da ya sa masifar da aka saba da ita ta zama sanadin mutuwa a ƙasar da ke da jiragen sama da rumbunan shinkafa na gwamnati.

Tsibirin Niu Gini rabe yake gida biyu: gabashinsa ƙasar Papua Niu Gini ce mai cin gashin kanta, yammacinsa kuma, wato Papua, yana ƙarƙashin Indunusiya. Jerin tsaunuka ya ratsa tsakiyarsa kamar ƙashin baya, kuma a ɓangaren yamma ne ƙololuwar Puncak Jaya take, mai tsayin mita 4,884, wadda har cikin shekarun nan akwai ragowar ƙanƙara a kanta duk da cewa tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda aka san zafi. Agandugume gunduma ce a ƙaramar hukumar Puncak, wadda aka kafa a 2008 aka sa hedikwatarta a Ilaga, kuma tun 2022 tana cikin sabon lardin Papua ta Tsakiya mai babban birni a Nabire. Ƙauyukanta na zaune a tudun da ya haura mita 2,500, wato dab da iyakar inda amfanin gona ke iya rayuwa. A lokacin da abin ya faru babu hanyar mota da ta isa can. Mai son zuwa ko dai ya shiga ƙaramin jirgi daga garin Timika da ke kudu ya sauka a ɗan filin da ke gundumar, ko ya sauka a gundumar Sinak ya kama hanya a ƙafa, tafiyar da ke cin kusan kwana biyu cikin hawa da gangara.

Wanda ya isa ɗaya daga cikin ƙauyukan waɗannan tsaunuka, abin da zai fara gani shi ne honai, wato ɗaki zagayayye mai bangon katako da jinkar ciyawa mai kauri wadda ta sauko har ta kusa taɓa ƙasa. Ba shi da taga, ƙofarsa kuma ƙanƙanuwa ce, sai mutum ya durƙusa zai shiga. A tsakiyarsa akwai murhu wanda wutarsa ba ta cika mutuwa ba, a sama kuma akwai ɗan bene na itace da aka shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa, inda ake kwana a jere ana cin moriyar ɗumin da ke tasowa daga ƙasa. Maza na da nasu ɗakin, mata da yara ƙanana na da nasu, aladu ma na da wurin kwanansu a kusa. Baƙo kan ɗauki wannan gini a matsayin alamar talauci, alhali kuwa an tsara shi ne daidai da wurin da dare ke da tsananin sanyi: ƙaramin ɗaki marar kafa ya fi riƙe ɗumi, hayaƙin kuma yana hana jinkar ruɓewa da wuri. Amma wannan dabara na da farashinta, domin hayaƙin da ake shaƙa kowane dare tun daga goyo yana cikin dalilan da suka sa tari da ciwon huhu suka yi katutu a tsakanin yara da tsofaffi. Jikin da yunwa ta samu yana fama da tari ba ya jimawa kafin ya faɗi.

Mutanen tsaunukan Niu Gini manoma ne tun fil azal. A fadamar Kuk, kusa da garin Mount Hagen a ɓangaren gabas, masu binciken kayan tarihi sun tono alamun kunyoyi da magudanan ruwa da ke nuna cewa an yi noma a wurin tun aƙalla shekara 7,000 da suka wuce, kuma UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2008. Gwaza da ayaba da rake ne tsofaffin amfanin gonarsu. Dankali, irin wanda muke kira dankalin Hausa, bai shigo ba sai shekaru ɗari uku zuwa ɗari huɗu da suka gabata, amma da ya shigo sai ya sauya komai. Yana yi a ƙasar da gwaza ba ta yi, yana jure sanyi fiye da ita, kuma aladu na cin sa ɗanye. Da shi jama'a suka ƙaru, garken aladu ya yawaita, kuma da shi ne mutane suka iya hawa can sama suka kafa ƙauyuka a tuddai irin na Agandugume. Ke nan shukar da ta ba su damar zama a wurin ita ce kuma ta ajiye su a bakin iyakar da sanyi ke iya kai musu hari.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, domin fahimtar lamarin gaba ɗaya ta rataya ne a kan yadda ake cin wannan dankali. Manomin da ya saba da gero da dawa ya san kaka: ana girbi sau ɗaya, a ɗaure dammuna, a cika rumbu, a riƙa ɗiba har damina ta zagayo, idan shekara ta yi kyau ma a yi ragowa. A tsaunukan Papua babu kaka irin wannan, kuma babu rumbu. Dankali ba ya ajiyuwa. Idan aka tone shi, kwanaki kaɗan ne ko 'yan makonni ya fara lalacewa. Saboda haka ana shuka shi ne bi da bi duk tsawon shekara, a bar shi a cikin ƙasa, a riƙa ɗiban na yau a yau. Maza ne ke sare daji, su haƙa magudanan ruwa, su kafa shingen da zai hana aladu shiga, amma aikin kullum na mata ne. Da safe mace za ta fita da sandar tono a hannu da noken a rataye a goshinta, wato jakar saƙa ta zaren ɓawon itace wadda ke saukowa bisa gadon baya, wadda UNESCO ta amince da ita a matsayin gadon al'ada a 2012. Za ta bi kunya tana lalube da hannu, inda ta ji ƙasa ta tsage ta san akwai babba a ƙasa, sai ta tone shi a hankali, ta bar ƙananan su ci gaba da girma, ta mayar da ƙasa ta rufe. Da yamma za ta dawo da noken biyu ko uku a jere, ɗaya da dankalin gida, ɗaya da na aladu da ganyen miya, wani lokaci kuma jaririnta na kwance a cikin na ƙarshe. Gonar ita ce rumbun, ƙasa ita ce murfinsa. Muddin shukar na raye, gidan ba zai kwana da yunwa ba, amma ranar da shukar ta mutu babu wani abu a ajiye da za a koma gare shi.

Yadda sanyin ke kashe ta kuwa abu ne da ke faruwa cikin dare ɗaya. A yawancin shekara gajimare na lulluɓe waɗannan tsaunuka, kuma shi ne bargon da ke riƙe ɗumin da ƙasa ta sha da rana. A shekarun da yanayin El Nino ya kankama, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke sauya tsarin damina, kamar 2023, ruwa kan ɗauke, sama ta washe, iska ta bushe. Da dare ya yi sai ɗumin ƙasa ya tsere ba abin da ke tare shi, iska mai sanyi kuma, da yake ta fi nauyi, ta gangaro daga kan duwatsu ta taru a cikin kwari da fadamu, inda galibin gonaki suke. Kafin asuba raɓa ta daskare a kan ganye, gari ya waye gona fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Da rana ta ɗaga, ganyen ya yi laushi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, cikin kwana ɗaya ko biyu ya yi baƙi ya kwanta. Idan sau ɗaya ne kuma bai yi tsanani ba, shukar kan sake toho. Idan ya maimaita dare bayan dare a kan ƙasar da fari ya riga ya busar, to an gama.

Yunwar ba ta zuwa nan take, kuma wannan ne ke ruɗar na nesa. A makonnin farko akwai abinci, har ma ya yi yawa, domin kowa na hanzarin tone abin da ke ƙasa kafin ya lalace. Daga nan sai dankalin ya fara ruɓewa a cikin kunya, ya yi ruwa-ruwa, ya yi ɗaci. Mutane kan yanke ɓangaren da ya ɓaci su gasa sauran, idan aka ci gaba kuma su ci har wanda da can alade kaɗai za a jefa wa. A daidai lokacin ne kuma ƙoramu ke janyewa saboda fari, ana shan ruwan da ya rage ko yaya yake. Gudawa ta shigo, ta fara da yara da tsofaffi. Wata asarar da ba a cika ambata ba ita ce ta iri. Ba a shuka dankali da ƙwaya. Yaɗonsa ake yanka a dasa, kuma yaɗon nan shi ne abin da sanyi ya fara ƙonewa. Ko da ruwa ya dawo gobe, sai an samo sabon yaɗo daga wani kwarin da abin bai shafa ba, sannan a jira. A ƙasa mai ɗumi dankali kan nuna cikin wata huɗu ko biyar, amma a irin wannan tudu yakan ɗauki kusan ninkin haka. Daren sanyi na watan Yuni yana nufin gidan da ba zai ci daga gonarsa yadda ya saba ba sai wata shekara.

To da can yaya ake yi? Amsar tana cikin zumunta. Masanin labarin ƙasa Eric Waddell, wanda ya yi nazarin yadda mutanen Enga na ɓangaren gabas suka fuskanci babban sanyin 1972, ya nuna cewa mazauna can sama ba su taɓa dogara da tudunsu kaɗai ba. Suna aurar da 'ya'yansu ga mutanen kwarin da ke ƙasa, suna kai musu alade a lokacin biki da makoki, wasu ma suna da 'yar gona a can. Idan sanyi ya yi ɓarna sai iyalai su kwashi yara da aladu su gangara wurin surukai da dangi, su zauna watanni, maza na komawa sama lokaci-lokaci suna dasa yaɗon da suka samo, har gonar ta farfaɗo a koma gida. Irin wannan saƙar dangantaka ta aure da musayar alade ita ce ginshiƙin zaman jama'a a duk faɗin tsaunukan, har da ɓangaren yamma inda ƙabilun Dani da Lani da Damal suke. Shi ya sa alade a wurinsu ya wuce nama. Da shi ake biyan sadaki, da shi ake biyan diyya a kashe gaba, kuma idan aka yi babban taro aka gasa duwatsu a wuta, aka jera su a rami tare da ganye da dankali da nama aka rufe, rabon da ake yi a bainar jama'a shi ne rajistar da kowa ke karanta wanda ke bin wani da wanda ake bi. Mutumin da ya ciyar da surukansa a shekarar wadata yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a shekarar wahala. Akwai kuma 'ya'yan wata itaciya ta dajin tudu, mai kama da goruba a tsayuwa, masu maiƙo, waɗanda ake kyafewa a kan hayaƙi su daɗe, suna rage zafi a shekarun da suka yi 'ya'ya. Amma babban maganin shi ne ƙafa: ko mutane su sauka inda abinci yake, ko abinci ya hau inda suke.

Wannan ƙafar ce rikici ya ɗaure. Yammacin Niu Gini ya kasance a hannun Holan har zuwa yarjejeniyar New York ta 1962, wadda ta kai ga miƙa shi ga Indunusiya a 1963. A 1969 aka gudanar da abin da aka kira zaɓen raba gardama, inda mutum dubu da 'yan kai da hukuma ta zaɓo suka amince da zama cikin Indunusiya a madadin dukan jama'a, kuma Papuawa da yawa ba su taɓa karɓar wannan sakamako ba. Tun daga lokacin ake fafatawa tsakanin jami'an tsaro da mayaƙan neman 'yanci, waɗanda ke kiran kansu TPNPB. Wutar ta sake ruruwa a Disamban 2018, bayan kashe ma'aikatan gina hanya a ƙaramar hukumar Nduga, kuma a 2022 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce tsakanin mutum 60,000 zuwa 100,000 ne suka rasa matsugunansu a yankin tun daga wancan lokaci. Puncak na cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. A watan Afrilun 2021, a gundumar Beoga, an harbe malaman makaranta biyu, an ƙona azuzuwa, sannan aka kashe shugaban hukumar leƙen asiri na Papua, mai muƙamin birgediya janar, abin da ya sa gwamnati ta ayyana mayaƙan a matsayin 'yan ta'adda ta kuma ƙara tura sojoji. Talakan ƙauye ya shiga halin gaba kura baya sayaki: idan ya bi hanyar daji da kaya a baya, soja na iya zarginsa da kai wa mayaƙa abinci, mayaƙa kuma na iya zarginsa da kai rahoto. Dangin da zai gangara wurinsu wataƙila su ma suna gudun hijira, sun bar gonakinsu ciyawa ta cinye.

Hanyar sama ma ba ta tsira ba. A watan Fabrairun 2023, wata huɗu kacal kafin sanyin, mayaƙa a Nduga sun ƙona wani ƙaramin jirgin kamfanin Susi Air, suka yi garkuwa da matuƙinsa, Phillip Mehrtens ɗan ƙasar Niu Zilan, wanda ba a sake shi ba sai a Satumban 2024. An kuma sha harbin jirage a filayen tsaunuka. Saboda haka lokacin da kukan Agandugume ya iso, kamfanonin jirage sun yi ɗari-ɗari da sauka a can, kuma ba za a ga laifin matuƙin da ya ƙi kai kansa inda ba shi da tabbacin dawowa ba. Sai aka riƙa sauke kayan agaji a Sinak. Ma'anar wannan ita ce mutanen da suka yi makonni ba su ƙoshi ba su ne za su yi tafiyar kwana biyu a kan duwatsu, su ɗauki buhu, su sake hawa da shi. Mai ƙarfi ya iya. Tsohuwa da mai jego da mai gudawa kuwa sai dai su jira abin da wani ya kawo. Sai da shugaban ƙaramar hukumar na lokacin, Willem Wandik, da shugabannin al'umma da na coci suka ba da tabbacin cewa ba za a taɓa jirgi ba, sannan aka fara sauka a Agandugume kai tsaye, shugaban Indunusiya na lokacin, Joko Widodo, kuma ya ba da umarnin a gaggauta.

Ko da babu bindiga ko ɗaya, lissafin kai abinci ta sama ba shi da sauƙi. Irin jirgin da ke iya sauka a waɗannan gajerun filaye, waɗanda da yawansu mutanen ƙauye ne suka share su da hannu a zamanin 'yan mishan, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin tan ɗaya. Idan aka ƙaddara cewa kowane mutum zai ci giram 400 na shinkafa a rana, mutum 7,500 na bukatar tan uku kullum, wato sawu uku ko fiye, ba na mako ɗaya ba, na watanni. Ga shi kuma da safe kaɗai ake iya tashi, domin kafin azahar hazo da iska sun rufe mashigin duwatsu, wata rana ma ba a tashi sam. Wannan tsadar jigila ita ce ta sa rayuwa a Puncak ke da tsada ko a shekarar lafiya. Kafin gwamnati ta ƙaddamar da shirin daidaita farashin mai a 2016, litar fetur a irin waɗannan wurare takan kai rupiya 50,000 zuwa 100,000, alhali a tsibirin Jawa ba ta kai 7,000 ba, buhun siminti kuma yakan haura rupiya miliyan ɗaya.

Da labarin mace-macen ya bazu, sai gardama ta tashi a Jakarta, babban birnin ƙasar, kan sunan da za a ba abin. Wasu manyan jami'ai, har da ministan noma na lokacin, suka ce gudawa ce ta kashe mutanen, ba yunwa ba. Ministan da ke kula da harkokin ci gaban jama'a a lokacin, Muhadjir Effendy, wanda ya je yankin da kansa, ya nuna cewa gudawar ta samo asali ne daga cin ruɓaɓɓen dankali, kuma ba wanda zai ci ruɓaɓɓe idan yana da mai kyau. A ganina maganarsa ita ce gaskiya, kuma gardamar kanta abin takaici ce. A ko'ina cikin duniya yunwa ba ta cika kisa da hannunta ba. Takan raunana jiki ne ta miƙa shi ga gudawa ko ciwon huhu ko ƙyanda. Wanda ya rubuta gudawa a takarda ya rufe littafi bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci, kuma sunan da aka ba cuta shi ke nuna maganin da za a aiko. Gudawa ciwo ne da gishiri da sukari da tsaftataccen ruwa ke warkarwa, idan akwai ma'aikacin lafiya a kusa. A yawancin waɗannan gundumomi ginin asibitin na nan, amma ma'aikatan, waɗanda galibi baƙi ne daga wasu tsibirai ko daga bakin teku, sun koma gari saboda tsoro ko saboda wahalar zama. Haka abin yake a makarantu: wani bincike da UNICEF ta shiga cikinsa a 2012 ya gano cewa kusan rabin malaman firamare na yankunan tsaunuka ba sa bakin aiki a ranar da aka ziyarce su, kuma wannan tun kafin rikicin ya kai yadda ya kai ne.

Ba za a ce rashin kuɗi ne ba. Ƙaramar hukumar Mimika, wadda ke maƙwabtaka da Puncak ta kudu, ita ke ɗauke da mahaƙar Grasberg, ɗaya daga cikin mafi girman wuraren haƙar zinariya da tagulla a duniya, wadda Indunusiya ta mallaki kashi 51 cikin ɗari nata tun 2018. Tun 2001 kuma Papua ke da matsayin cin gashin kai na musamman, wanda aka sabunta a 2021, kuma a ƙarƙashinsa ana turo maƙudan kuɗi kowace shekara. Duk da haka ƙananan hukumomin tsaunuka, irin su Nduga da Puncak, su ne ke can ƙasan jerin ma'aunin ci gaban ɗan Adam na ƙasar baki ɗaya. Jirgin da ya ɗauki shinkafar agaji daga Timika ya tashi ne daga garin da arzikin wannan mahaƙa ya gina.

Ba kuma za a ce abin ya zo ba zato ba tsammani ba. A 1997 da 1998 fari da sanyin El Nino sun kashe ɗaruruwan mutane a tsaunukan ɓangaren Indunusiya. A ƙarshen 2005 an ba da rahoton mutuwar mutum 55 a ƙaramar hukumar Yahukimo. A 2015 sanyi ya ƙone gonaki a Kuyawage da ke Lanny Jaya, maƙwabciyar Puncak, ya sake komawa can a 2022. Watannin da yake zuwa sanannu ne, tuddan da yake sauka sanannu ne, kuma masana yanayi kan hango El Nino watanni kafin ya iso. Da an kai abinci da magani a watan Mayu, lokacin da mutane ke da ƙarfin ɗauka, da ba a yi jigilar gaggawa a watan Agusta ba.

Bayan abin ya lafa, gwamnati ta ɗauki alƙawarin gina rumbunan ajiyar abinci a Sinak da Agandugume, da tsawaita titin jirgi na Sinak domin manyan jirage su iya sauka, da fitar da hanyar mota tsakanin wuraren biyu. Rumbun shawara ce mai kyau, domin yana cike giɓin da tsarin noman wurin ya bari, wato rashin abin ajiya. Sai dai akwai tambayoyin da gini kaɗai ba ya amsawa. Wa zai riƙe makullin? Idan aka kafa sansanin soja a gefensa domin tsaro, mayaƙa za su ɗauke shi a matsayin abin hari, jama'a kuma su ji tsoron kusantarsa. Idan aka bar shi a hannun coci da dattawan dangi, waɗanda su ne hukumar da ba ta taɓa barin ƙauyen ba tun zuwan 'yan mishan Ilaga a 1956, zai fi samun amincewar kowane ɓangare. Hanyar mota ma haka take, domin a idon Papuawa da yawa hanya ita ce ke kawo soja da baƙi da masu neman ma'adinai, kuma ma'aikatan hanya ne aka kashe a Nduga.

Sannan akwai batun abin da za a zuba a rumbun. Shinkafa ce ta fi sauƙin ajiya da ɗauka, kuma a ranar yunwa babu mai raina ta. Amma shekaru da dama na rabon shinkafa mai rahusa sun riga sun sauya bakin yara a garuruwan tsaunuka, har wasu na ganin dankali abincin ƙauyawa ne, alhali shinkafa ba ta tsira a tudun Agandugume, kuma kowane buhu sai ya hau jirgi. Al'ummar da ta koma dogaro da abin da ba ta nomawa ta miƙa cikinta ga matuƙin jirgi da yanayin sama da wanda ke riƙe da bindiga a bakin fili. Abin da zai tsayar da ƙauyen da ƙafafunsa shi ne gonakin renon yaɗo a kwaruruka masu ɗumi, inda za a yanko iri da zarar sanyi ya wuce, da zaɓo irin dankalin da matan wurin suka san ya fi jimiri, domin mace ɗaya kan san iri goma ko fiye da sunayensu, da kuma ƙara abin da ke nuna da wuri kamar dankalin Turawa, ko mai jure sanyi kamar kabeji. Duk waɗannan ba su da tsada idan aka gwada su da kuɗin hayar jirgi, amma suna bukatar malamin gona da zai zauna a wurin, da hanyar ƙafa da mace za ta bi da noken cike da yaɗo ba tare da an tsayar da ita an tambaye ta wa za ta kai wa ba.

Wata uku bayan Agandugume, a Oktoban 2023, rahoto ya fito daga gundumar Amuma a Yahukimo cewa sama da mutum ashirin sun mutu bayan gonakinsu sun lalace, wannan karon saboda ruwan sama da ya yi yawa. Nan ma sai ta jirgi ake isa, nan ma labarin ya daɗe a hanya kafin ya kai gari, kuma nan ma jami'ai suka fara da musanta cewa yunwa ce.